Minti Shida a Wayar Attahir

Sunana Alƙasum, gyaran waya nake yi a bakin babbar kasuwar Tahoua, cikin wata rumfar kwano da rana ke dafawa tun da hantsi. A layinmu mu bakwai ne, amma shida daga ciki canjin gilashi da bakin caji kawai suka iya. In waya ta ƙi tashi, ko ana so a shiga cikinta a taɓa abin da kamfani ya hana a taɓa, wurina ake zuwa. Wannan ya kumbura mini kai, ba zan ɓoye ba.

Akwai aikin da muke kira rut. In ka sayi waya, kai ɗan haya ne a cikinta: kamfani ya ba ka ɗaki biyu, ya kulle sauran ya tafi da makulli. Rut shi ne ka ɓalle ƙofar ka karɓe gidan duka. Daga nan kana iya fitar da tarkacen da suka cusa mata masu shan batir, ko ma ka kwashe tsarin kamfanin gaba ɗaya ka zuba wani, wanda wani mutum da ba ka taɓa gani ba ya haɗa a ɗakinsa a wata ƙasa ya sake shi kyauta. Zubawar ita muke kira filashe. Abin da ba mu cika faɗa wa masu waya ba shi ne, ƙofar da aka ɓalle ba ta ƙara rufuwa kamar da, garanti ya tashi, kuma in sabon tsarin ya zo da cuta babu wanda za ka kai wa ƙara.

Attahir taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, manomin gero a Barmou. Mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ya ba ka amsa ɗaya. Shekarar da ruwa ya ɗauke gero na fidda kai, ya tsai da shawarar tafiya Libiya neman aikin gini, kamar yadda rabin mazan yankinmu na Ader ke yi in rumbu ya ƙi cika. Kwana biyu kafin ya hau motar Agadez ya biyo rumfata da wata waya mai araha, wadda matarsa Raƙiya ta ɗinka wa rigar jan fata. Ya ce batir ɗinta ba ya kai la'asar, ga shi an ce masa a sahara sai a yi kwana huɗu ba a ga wurin caji ba.

Na ce ya bar mini ita awa ɗaya. Na yi mata rut, na zuba mata wani tsari da na samo makon da ya wuce, marar nauyi, wanda ban gwada a waya ko ɗaya ba sai tasa. Yana tsaye yana kallon rubutu na gudu a fuskar wayar, ya tambaye ni ko dai ba za ta lalace ba.

Na yi masa dariyar da taubashi ke yi wa taubashi. Na ce, "Kai bawana, ƙauye ya yi maka yawa. Tahi ka yi ta noman gero, ka bar ma masu ilimi ilimi."

Ya yi murmushi, ya sa wayar a aljihu, ya tafi. Batir ɗin kuwa ya koma yin kwana biyu, don haka a ranar ban yi masa ƙarya ba.

Cikin makon na zuba wa mutum uku wannan tsarin. Biyu suka dawo mini da ciwo iri ɗaya: da zarar batir ya mutu murus, in aka sake kunna wayar sai ta tsaya a tambarin farko da ke fitowa a fuskarta, ta mutu, ta taso, ta tsaya a nan, har abada. Na gane tsarin ne ke da cutar. Attahir ya kira ni daga Agadez ana gobe za su shiga daji, muka gaisa, na tsokane shi, amma ban faɗa masa ba. Kunya na ji in ce wa mutumin da na yi wa gorin ƙauye aikina ya samu matsala. Na ce a raina in ya isa zan gaya masa.

Bai sake kiran kowa ba. Wata biyar babu labari, sai wani mutumin Kalfu ya dawo daga Libiya ya nemi gidan Inusa, wan Attahir, ya miƙa masa wayar mai rigar jan fata. Ya ce a Sabha ya gan ta hannun wani matafiyi, ya gane ta don sun zauna da Attahir a tashar Agadez. Matafiyin ya gaya masa motarsu ta mutu kwana uku bayan barin Agadez, ruwa ya ƙare, masu ƙarfi suka yanke shawarar takawa, Attahir kuma ƙafarsa ta kumbura ya kasa. Wai ya koma bayan mota ya daɗe yana magana cikin wayar, sannan ya ba shi ya ce a kai Barmou. Cikin waɗanda suka tsaya a wurin motar an ce wata mota ta kwashi wasu, wasu kuma ba a kwashe su ba. Iyakar abin da mutumin Kalfu ya sani ke nan, kuma shi ma ji ya yi.

Wannan labari ya bar Raƙiya a tsakiya. Ba a ga gawa ba, ba a ga wanda ya ga gawa ba. Limamin garinsu ya ce jita-jitar mutum ɗaya ba ta sa mace takaba, amma in an ji muryar Attahir da kansa yana ban kwana, aka haɗa da maganar matafiyin, dangi za su iya zama su yi masa sadaka ta shiga takaba, in ta fita ta san matsayinta. In kuwa babu komai a wayar, to matar aure ce, sai ta jira. Suka sa wayar a caji a wurin mai sola, wanda ke yi wa mutane caji da hasken rana, ta taso ta tsaya a tambarin farko.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, Inusa ya kawo ta rumfata, Raƙiya na biye da shi. Ta rame har da ƙyar na gane ta. Ta gaishe ni a ladabce ta koma gefe ta tsuguna, ba ta kalli wayar ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ina ganin tambarin na san ciwon, kuma na san wanda ya sa mata shi.

Kafin in taɓa ta Inusa ya ɗora hannu a kanta. Inusa dattijo ne mai kaifin harshe, kuma yana da dalilinsa. A kwamfutocin layinmu muke tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a kati, kuma bara hoton wata amarya ya fita daga wayar da aka kawo gyara, ya zagaye gari kafin a yi sallar azahar. Ba a rumfata abin ya faru ba, amma ga mutumin ƙauye duk ɗaya muke.

Ya ce, "Ka tashe ta, amma kada ka kwashi komi nata ka sa cikin injinka. Maganar ƙanena ba waƙa ta ba da za a tura ma 'yan kasuwa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da Attahir jini ɗaya ne, a ce ni za a yi wa wannan kashedi gaban maƙwabtana? Na ce masa ni ba na bukatar kwasar komai, wayar da kanta za ta yi magana a hannun matarsa.

Dokar farko a sana'armu, wadda na koya wa mutane da bakina, ita ce kafin ka filashe waya ka kwafe abin da ke ciki ka ajiye gefe. Waya da aka yi wa rut tana da ƙofar baya: ka danne maɓalli biyu tare, sai wani baƙin shafi ya fito inda kake ganin kayan cikinta ko da ta ƙi tashi. Na shiga ta nan. Na buɗe wurin da take ajiye muryar da aka ɗauka, na ga abu ɗaya tak. Sunansa kwanan wata ne, kwana uku cif bayan ranar da suka bar Agadez. Nauyinsa mega shida da ɗan kai, kuma na san wannan tsarin, mega ɗaya minti ɗaya ne.

Na ɗaga kai, Inusa na kallon rubutun bai san me yake gani ba, Raƙiya na kallon ƙasa. A aljihun teburina akwai sabon kati wanda ba a taɓa sa wa komai ba. Minti ɗaya ya ishe ni in sa shi a wayar, in kwafe muryar a kansa, in zare in damƙa wa Inusa a hannu, ba tare da ta bi ta kwamfutata ba. Ko Inusa ba zai ƙi wannan ba in an yi masa bayani. Na tuna da katin, kada wani ya ce mantawa na yi. Amma na riga na cika baki, maƙwabtana uku sun baro rumfunansu sun tsaya a kaina, kuma ina so in miƙa wa Raƙiya wayar a kunne in ce ga shi nan, kowa ya ga aikin gwani. Ban ma gaya musu na ga wani abu ba, na ɓoye shi don abin ya fi armashi.

Gyaran mai sauƙi ne, na yi wa waɗancan biyun: a sake zuba tsarin a kan na da, ba a taɓa kayan mai waya ba. Na jona ta da kwamfuta, na buɗe manhajar filashe. Manhajar tana da wani ɗan akwati a sama inda ake zaɓar ko a zuba kawai, ko a share komai sannan a zuba. Da safen nan wani malamin makaranta ya kawo wayar da zai sayar, ya ce in wanke ta tas, na juya akwatin zuwa share komai. Ban mayar da shi ba. Ina amsa wa wani maƙwabcina wasa, ina dariya, na danna.

Layin da ke gudu a ƙasa ya fito da launin da bai kamata ya fito da shi ba. Kafin idona ya kai kan akwatin, sharewar ta gama, don ita ce ke fara gudana, kuma ba ta kai daƙiƙa goma ba. Na zauna ina kallon sauran aikin yana tafiya lafiya lau. Alamar gamawa ta fito. Na zare igiyar, na kunna, wayar ta wuce tambarin ta buɗe fes, tana yi wa sabon mai ita barka da zuwa.

Maƙwabtana suka ce ai sun faɗa, Alƙasum ba ya kasawa. Inusa ya yi hamdala. Raƙiya ta miƙe ta matso, ta ce in duba mata. Na buɗe wurin murya a gabansu, babu komai. Na buɗe wurin hotuna, babu komai. Ta ce ai akwai hoton yaransu biyu da ya ɗauka ranar tafiya, ta gani da idonta, ina ya shiga?

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Da alama an share ta tun kahin ta zo nan."

Fuskar Inusa ta washe a hankali, abin da ban taɓa zato ba. Ya ce wa ke share waya in ba ɓarawo ba? Mutumin da aka ba amana ba ya share amana. Ashe matafiyin nan sace ta ya yi, ya wanke ta zai sayar, da mutumin Kalfu ya gane ta sai ya shirya labarin mota da kumburin ƙafa. In haka ne, babu wanda ya ga Attahir a bakin mutuwa, waya kawai aka ɗauke masa, kuma wanda ba shi da waya a ƙasar mutane yana iya yin shekara bai kira gida ba. Raƙiya ta dube ni ta tambaya ko haka ne. Na ce yana yiwuwa. Ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, kukan farin ciki, a tsakiyar kasuwa.

Na roƙa su bar mini wayar kwana biyu wai zan ƙara dubawa. Na rufe rumfa na gwada duk manhajar tono abin da aka share da na sani, da waɗanda na nemo ranar. Irin ma'ajiyar da ke cikin waɗannan wayoyi in aka wanke ta ba ta barin ko ƙura, balle na riga na zuba sabon tsari a kai. Na mayar musu da ita ranar Talata. Inusa ya nemi gafarata a kan maganar da ya faɗa mini, na ce ba komai.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya har shekara uku. Mutumin Kalfu, wanda alheri kawai ya yi, sai da ya daina bi ta Barmou don ana nuna shi ana cewa abokin ɓarawo. Mahaifiyar Attahir, goggona, ta rasu tana cewa a ajiye masa rabonsa na iri. Mahaifin Raƙiya ya so a kai maganar gaban alƙali tun a shekarar farko, don a fara ƙirga mata shekarun da ake jiran wanda ya ɓace, ta ƙi. Ta ce ba za ta kai ƙarar mai rai ba, ai Malam Alƙasum ya buɗe wayar gaban kowa babu ban kwana a ciki. Sunana ya zama hujjarta. Ta noma gonar da kanta, ta koma sarin cuku wurin Buzaye tana kawowa Tahoua, kuma duk Lahadin da ta shigo sai ta biyo ta ajiye mini guda biyu a tebur. Ban taɓa iya cin ko ɗaya ba, maƙwabtana nake ba.

Wayar kuwa ba ta kira da ita, tana da ƙaramarta mai maɓalli. Ajiye masa take, tana kai ta caji duk kwana biyu don in ya dawo ya tarar da ita da rai. Ba ta sani ba, wannan kulawar ce ta hana cutar tashi, domin tsarin da na sake zubawa ranar shi ne dai na farko.

A damina ta uku mai solar garinsu ya yi tafiya mako guda, batir ɗin ya mutu murus. Lahadi ta zo ba ta ko sauke tiren cuku ba, ta miƙo mini wayar tana tsaye a tambarin farko, tana mutuwa tana tasowa. Ta ce laifinta ne, ita ta yi sakaci. Idonta ya cika da hawaye, ta ce in taimaka in tashe ta kamar waccan rana.

Ban san abin da ya karye a cikina ba. Na ce ta zauna. Na gaya mata komai, tun daga tsarin da ban gwada ba, da kiran Agadez, da abu ɗayan da na gani mai kwanan wata, da katin da ke aljihun tebur, da akwatin da ban mayar ba. Ban ɗora wa Inusa ko ƙwayar zarra ba, don ba nasa ba ne. Tana zaune a kan benci tana kallon bakina har na gama. Na yi zaton za ta yi kururuwa, ko ta tsine mini, kuma da ta yi da na ji sauƙi.

Ta ce, "To mi yac ce?"

Na ce, "Ban jiya ba, Raƙiya. Ban kunna shi ba."

"Ban kwana na, ko cewa yay yi yana tahe?"

"Ban sani ba."

Ta daɗe tana murza bakin rigar jan fatar da ta ɗinka da hannunta. Wani ya zo da waya zai canza gilashi, ya dube mu, ya wuce rumfa ta gaba. Sannan ta tambaye ni ko maganar mai tsawo ce. Na ce za ta kai minti shida.

Ta ce, "Minti shidda." Ta sake maimaitawa a hankali. "Kai ka san shi, ba mai magana na ba. Shekara takwas muna ɗaki guda, bai taɓa yi man maganar minti shidda ba."

Ta ajiye wayar a teburina, ta ɗauki tirenta ta ɗora a ka, ta shiga cikin kasuwa. Ba ta sake biyowa ta layinmu ba.

Bayan girbi na ji ta yarda mahaifinta ya kai maganar gaban alƙali. An kira ni na faɗi abin da na gani, aka ce ganin kwanan wata da nauyin abu ba shaidar mutuwa ba ce, tunda babu wanda ya ji abin da ke ciki. An yanke mata jiran shekara huɗu, kuma daga ranar da aka kai ƙara ake fara ƙirgawa. Ukun da ta yi a kan maganata ba sa ciki.